Yaron da cikinsa ke ciwo duk safiyar Litinin

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah Ya azurta da haihuwa a 'yan shekarun nan, da yayyen da aka bar wa riƙon ƙanne, da mu da muke tsayawa gaban allo a makarantun boko da na Islamiyya a nan Jos, akwai wata magana da ta yi mana sauƙi a baki wadda ya kamata mu sake dubawa. Idan aka ce yaro yana cikin damuwa, sai mu yi dariya mu ce: "Damuwar me? Haya yake biya, ko cefane ke kansa?" Ni ma na sha faɗin haka, kuma a kan 'yar yayata na faɗa, saboda haka wannan nasiha kaina ta fara hawa kafin ta iso gare ku.

Shekararta tara a lokacin, tana aji huɗu. Duk safiyar Litinin sai ta tashi da ciwon ciki, wani lokaci har da amai. Uwarta ta kai ta kemis aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka yi na maleriya, aka yi na taifot har sau biyu, amma abin bai sauya ba. Ranar Asabar kuwa lafiyarta ƙalau, tana tsakar gida tana carafke. Sai muka yanke hukunci cewa ƙarya take yi don gudun makaranta, ni kuma da nake malami na ɗauko tsumagiya. Har yau ina ganin ta a wata safiya ta hunturu, ta riƙe ƙyauren gida da hannu biyu, jikinta na rawa, da na ɓamɓare hannun sai na ji tafinsa jiƙe da gumi, a cikin wannan sanyi namu na Disamba. Kakarta ta ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Sai bayan wata biyar wani likita ya yi mata tambayar da babu wanda ya yi mata a gidanmu, wato me take tunani idan za ta fita. Ta sunkuyar da kai ta ce tsoro take ji kada ta tafi makaranta a rufe hanya, ta dawo ba ta sami Umma ba. Ashe tun ranar da aka yi wani gudu-gudu a gari, makaranta ta kulle ƙofa, uwarta ta yi awanni ba ta iso ba, abin ya zauna mata a rai.

Ciwon cikin nan na gaske ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko da haɗarin a tunani yake, jiki yana shirin gudu: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo, aikin ciki ya hargitse. Babba zai iya cewa "gabana ke faɗuwa", amma yaro bai da kalmomin da zai bayyana wannan, sai ya ce cikinsa ko kansa ke ciwo.

Kowane yaro yana jin tsoro, kuma ƙiwuyar ɗan shekara ɗaya ko tsoron duhu ga ɗan shekara huɗu ba cuta ba ce. Abin ya zama cuta idan ya daɗe makonni da watanni, ya wuce shekarun yaron, ya kuma hana shi karatu ko wasa ko barci. Wani yaron, tsoron rabuwa da uwa ne ke damun sa. Wata kuma a gida surutu kamar aku, a aji ko sunanta ba ta iya faɗa, mu kuwa sai mu yaba mu ce kunya gare ta, ko mu zarge ta da miskilanci. Ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke daɗewa a rai, ya fi waɗannan ɓuya, domin a jikin yaro sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da fushi yake zuwa. Yaron da ke kwana da ƙwallo a ransa ya daina fita fili, ya rage cin abinci, barcinsa ya lalace, makinsa ya faɗi, abu kaɗan ya harzuƙa, kuma hakan ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum, wannan yaron bincike yake buƙata, mu kuwa sunan da muke ba shi shi ne taurin kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Mu a Jos muna da ƙarin dalilin lura. Waɗanda suke yara a rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, da waɗanda suka ji ƙarar bama-baman kasuwar Taminus a watan Mayun 2014, su ne iyaye da yayye a yau. Da yawanmu mun girma da firgicin da babu wanda ya tambaye mu a kansa, kuma muna zama a gaban yara muna labarin wanda aka kashe da gidan da aka ƙona, muna zaton hankalinsu yana wajen wasa.

Kuskurenmu iri biyu ne, kuma na biyun ya fi wuyar ganewa domin da tausayi ake yin sa. Na farko duka, wanda ba ya cire tsoro, sai dai ya koya wa yaro ɓoye shi. Na biyu shi ne a ce "bar ta ta zauna a gida yau", gobe ma haka. Duk ranar da yaro ya guje wa abin da yake tsoro yana samun sauƙi nan take, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ɗauki darasi cewa gudun ne ya tsirar da shi, sai tsoron ya ƙara kauri. A gidanmu ni ina duka, uwarta tana ɓoye ta a ɗaki, dukkanmu muna ciyar da cutar ba mu sani ba.

Maganin da aka fi gwadawa aka ga amfaninsa magani ne na magana da horo, wanda ake kira CBT a taƙaice, ya kuma samo asali daga aikin wani likitan Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. Masanin da ke yin wannan magani yana zama da yaro sau ɗaya a mako, yawanci zama 12 zuwa 16. Yana koya masa gane alamun tsoro a jikinsa, da jan numfashi a hankali, da kama tunanin da ke tsorata shi a auna shi: sau nawa kika tafi makaranta, sau nawa kika dawo ba ki sami Umma ba? Daga nan sai a jera abubuwan tsoro kamar matakalar tsani, a fara da mafi sauƙi. 'Yar yayata ta fara da tsayawa a ƙofar makaranta tare da uwarta na minti goma, sannan darasi ɗaya uwar tana jira a waje, sannan zuwa lokacin tara, har ta kai yini. Ba a tsallake mataki, ba a kuma komawa baya don ta yi kuka. Iyaye ma ana koyar da su, kuma a ganina rabin aikin a kansu yake. Idan ciwon damuwa ne, ana mayar da yaro a hankali ga abubuwan da ya daina, wasa da abokai da ƙananan ayyuka, tun kafin sha'awarsu ta dawo masa.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, a kan yara 488 masu shekara 7 zuwa 17 da ke fama da cutar fargaba, wato irin tsoron nan da ya zama cuta, ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 sun sami sauƙi sosai da wannan horo kaɗai, waɗanda aka haɗa musu da ƙwaya kuma sun kai kusan kashi 81. Ƙwaya tana da wurinta idan ciwon ya yi tsanani, amma likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai rubuta ta ya kuma bibiyi yaron, musamman a makonnin farko. Kada wani ya je kemis ya sayo wa yaro maganin barci don ya huta da kukansa.

Na san abin da ke hana mu zuwa asibiti: kada a ce an kai 'yar wane wajen mahaukata, gobe maganar ta taso a wajen neman aure. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma mafi yawan yaran da ake gani a irin waɗannan wurare da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar. Ƙasar ma ta motsa, domin a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Addu'a da tofi ba su hana neman magani, mu ci gaba da yin su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ga ƙanin Anas, Abu Umair, cikin baƙin ciki saboda ɗan tsuntsunsa ya mutu, tsayawa ya yi ya tambaye shi labarin tsuntsun, bai ce yaro me ya sani ba.

Akwai magana ɗaya da ba a jinkiri a kanta. Idan yaro ko matashi ya ce "gara in mutu" ko "da ba ni da kun huta", kada a ce baki ne kawai. A zauna da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, domin tambayar ba ta saka masa tunanin a rai. A kwashe fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

'Yar yayata yanzu tana ajin farko na ƙaramar sakandare. Bayan dogon hutu cikin yakan motsa mata har yanzu, sai ta zauna a bakin gado ta ja numfashi kamar yadda aka koya mata, uwarta ta faɗa mata ƙarfe nawa za ta same ta a gida, sannan ta ɗauki jakarta ta bi ƙawayenta zuwa bakin titi su hau Keke Napep.