Tsakanin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ina mai ƙafa zai bi?

Assalamu alaikum jama'a. Yau sai kun yi haƙuri da ni, maganar da ɗan tsawo.

Tun gasar kofin duniya ta 2022 hotunan Doha, babban birnin ƙasar Qatar, ke yawo a wayoyinmu, kuma duk sanda yaranmu da ke aiki can suka turo bidiyo, hukuncin majalisa ɗaya ne: "Ai kuɗin gas ne." Ban musa ba, kuɗi kam akwai. Amma ku sake kallon bidiyon da kyau. Mutanen da ke ciki a ƙafa suke tafiya, kuma ba don sun rasa mota ba.

A bakin tekun Doha akwai hanyar da suke kira Kornish, tsawonta kusan kilomita 7. A ɓangarenta na kudu gidajen tarihi biyu ne. Na farko na kayan fasahar Musulunci ne, an buɗe shi a 2008. Wanda ya zana shi, I. M. Pei, ya haura shekara 90 a lokacin, kuma daga wurin alwala na masallacin Ibn Tulun da ke Alƙahira ya samo fasalinsa. Shi ya nemi a cike wani wuri cikin ruwa a ɗora ginin a kai, don kada gobe wasu benaye su zo su tare shi. Na biyu gidan tarihin ƙasa ne da aka buɗe a 2019, wanda aka gina ya kewaye tsohuwar fadar Sheikh Abdullah bin Jassim maimakon a rushe ta. Tsakaninsu bai fi tafiyar rabin awa ba. In rana ta yi sanyi sai mutum ya fito daga wannan da iyalinsa, ya bi gefen ruwa, ga jiragen katako irin na masu neman lu'ulu'u na da a ɗaure, har ya isa wancan ba wanda ya matsa masa hon.

To mu ma muna da gidajen tarihi biyu a Kano, kuma in dai daɗewa ce sun girmi na Doha nesa ba kusa ba. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye ta wajen Wudil, ina kai yara ziyara birni, don haka na san su. Gidan Makama yana daura da Gidan Rumfa, gini ne na ƙarni na 15 da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau mulki a 1463. A ciki yaro zai tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ya ɗaga kai. Gidan Ɗan Hausa kuma yana Nassarawa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna ya fara makarantar boko a 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Kun ga labari ɗaya ne, wancan ya ɗauko shi, wannan ya ɗora. Tsakaninsu kuma ga Ƙofar Nassarawa, ga ragowar badala wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Yaron da ya fito daga cikin birni da ƙafarsa, ya ratsa ƙofa, ya ga yadda tituna suka buɗe suka miƙe a unguwar da Turawa suka tsara, ya fahimci abin da zan yi mako ina rubutawa a allo.

Amma wa zai yarda ya jera 'ya'yan mutane a wannan hanya? Tafiyar ba ta kai awa guda ba, sai dai inda ya kamata mai ƙafa ya taka 'yan tebur sun kafa, inda babu tebur an ajiye mota, inda babu mota murfin kwata ya ɓace. Ga a-daidaita-sahu yana hawowa duk inda ya ga sarari. Inuwa kuwa sai ta gadar sama. Dole mu cusa su a bas, mu rufe ƙofa, su sauka can kamar an kai su wani gari daban.

Na san abin da za a ce: Malam, Kano ba teku. Gaskiya ne. Amma Kano a bakin ruwa aka kafa ta. Kasuwar Kurmi a gefen rafin Jakara Rumfa ya dasa ta, kuma Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 ya tarar da fadama ta kusa raba birnin gida biyu. Kududdufan da ke ciki da wajen ganuwa ma ba haka kawai suka samu ba: nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje da badalar kanta, ramukan suka zama matattarar ruwan damina. Wato kududdufi shi ma kayan tarihi ne, ga shi kuma yana aiki, domin ruwan da ya shanye shi ne bai shiga ɗakin mutane ba.

Me muka yi da su? Mun mayar da su juji, da suka yi wari muka ce ai ƙazanta ce, muka cike, muka yanka filoti. Duk mai bin titin Jami'ar Bayero (BUK) ta wajen Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya shekaru ashirin da suka wuce ya san abin da idonsa ke gani a da, ya san abin da yake gani yanzu. Jakara kuwa tun mulkin Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe ta da kankare a ɗora titi a kai.

A nan sai na yi adalci. Wanda ya kwana da warin Jakara da sauronta, ko ya taɓa kwashe kayan ɗakinsa cikin dare saboda ta cika ta kawo, ba zai so jin wani ɗan ƙauye yana yi mata kirari ba, kuma yana da hujja. Iyayen da kududdufi ya ci musu ɗa ba za ka ce musu wurin shan iska ne ba. Abin da nake ja a kai shi ne, ba ruwan ne ya zuba wa kansa leda da bahaya ba. Mu ne. Kuma rufe shi bai sa ƙazantar ta ɓace ba, gangarowa take yi, ta haɗu da ruwan masana'antun Bompai, ta nufi dam ɗin Wasai a Minjibir, manoman rani su yi ban ruwan latas da kabeji da ita, a mayar wa 'yan birni a faranti. Mu mutanen karkara mu ke karɓar abin da birni ya kawar da kai daga gare shi.

Can ƙasan maganar kuma akwai wani ciwo da ba ma son faɗa. A wurinmu tafiyar ƙafa alamar babu ce. In aka ga mai rufin asiri yana takawa, sai an tsaya an tambaye shi ko lafiya, ina motar. Wanda ke sa hannu a kwangilar titi ya manta rabon da ya taka daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi, to ta yaya zai tuna da mai ƙafa? Shi ya sa muke iya gina gadar sama ta biliyoyi, amma shuka darbejiya a jere da rufe kwata ya gagare mu.

Mu ma na ƙauye kada mu wanke kanmu. Kogin da ya ratsa Wudil, wanda ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka zama shi, ya wuce Ringim har Haɗeja, bakinsa ya fi Kornish ɗin can tsawo sau nawa? Da hantsi ga masunta, ga masu fito, ga shanu na gangarowa, ranar Juma'a ga hayaniyar kasuwa. Amma wanda ya fi kowa sanin darajar gaɓar nan a yau shi ne mai tifa, yana kwasar yashi dare da rana har gaɓa tana zaftarewa da gonakin mutane. Haɗeja tana da labarin yaƙin 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada a ciki, ga kogi a gefenta da ciyawar kachala ke shaƙewa. Birnin Kudu tana da zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Yaran makarantunmu nawa aka taɓa kaiwa?

Ni ba sabon gidan tarihi nake roƙo ba, kada wani ya ji wannan ya tafi ya rubuto kwangila. Waɗanda muke da su ma kulawa suke nema. Roƙona ga gwamnatin jiha da masarauta shi ne a zaɓi hanya ɗaya tak, daga ƙofar Gidan Makama zuwa ƙofar Gidan Ɗan Hausa, a ware wa mai ƙafa gefe guda, a nema wa 'yan tebur wani wuri ba a kore su kawai ba, a rufe kwatoci, a shuka itatuwa, a kafa alluna da Hausa da ajami masu bayanin abin da mutum ke wucewa. Sannan a ƙirga kududdufan da suka rage, a buga sunayensu kowa ya gani, a haramta yanka su. Ko biyu aka yashe aka kewaye aka sa mai gadi, an fara.

Masu unguwanni da dagatai na bakin kogi kuma, ku kuka san tifa nawa ke shiga ƙasarku kullum da wanda ke karɓar kuɗinta. 'Yan birni da ke nan, ku faɗa mini a ƙasa: a unguwarku wane kududdufi ne har yanzu ba a cike ba?