Littafin yadda aka shirya fim ba labarin fim ba ne

Mutane da dama na ɗauka cewa littattafan da ake rubutawa kan yadda aka shirya tsofaffin fina-finai maimaicin labarin da aka gani a allo ne, don haka wanda ya kalli fim ba ya bukatarsu. Wannan fahimta kuskure ce, domin abin da marubutansu ke bibiya shi ne aikin da aka yi a bayan kyamara, ta hanyar wasiƙun kamfani, takardun kasafin kuɗi da hira da ma'aikatan da suka rage a raye.

A littafin da Aljean Harmetz ta fitar a 1977 kan fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, mai karatu zai ga cewa daraktoci da yawa ne suka taɓa aikin, ko da yake sunan Victor Fleming kaɗai aka rubuta. Zai kuma ga yadda garin alminiyon da aka shafa wa ɗan wasa Buddy Ebsen a fuska a matsayin kwalliya ya shiga huhunsa har aka kwantar da shi a asibiti, aka ba Jack Haley rawar da zai taka. A ganina, wannan wahala ta ɗan wasa ta cancanci a san ta, kuma ko sau goma mutum ya kalli fim ɗin, ba zai ga alamarta ba.