Tutar da ba ta da wuyar ɗinki, amma muke barinta ta zama tsumma

A 1959, ana shirin karɓar 'yancin kai, aka buɗe gasar zana tutar Najeriya. Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi da ke karatu a Landan, shi ya ci, aka ba shi fam 100. A zanensa akwai jar rana a kan farin da ke tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta. A ganina sun yi daidai. Abin da ya rage, kore, fari, kore, shi aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960: koren na noma da albarkar ƙasa, farin na zaman lafiya. Babu alamar wani addini ko yanki, kuma ɗan firamare ma zai iya zana ta.

Shi ya sa ban ga uzurin telan da ke ɓata ta ba. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta. In faɗin santimita 90 ne, tsawon ya zama 180, a raba shi gida uku daidai, kowane launi santimita 60, a tsaye ba a kwance ba. Sai ka ga an matse farin don yadi ya ishe, ko an haɗa koren da ya yi duhu a gefe guda da mai haske a ɗayan, domin ba daga bandir ɗaya aka yanko ba.

Inda aka fi sakaci shi ne bakin da ke kaɗawa. Nan iska ke fara ci, don haka sai an naɗe shi an yi masa ɗinki biyu, an kuma ƙarfafa gefen da igiya ke ratsawa. Yadin auduga mai arha ba ya jure ranar bazara: koren ya koɗe, ƙurar hunturu ta mayar da farin ruwan ƙasa. Tutar da ake saukewa da yamma ta fi wadda ke kwana a sama daɗewa.

Dokar tuta ta hana ɗaga wadda ta lalace, amma leƙa sakatariyar ƙananan hukumomi da makarantun gwamnati ka gani. Hatta ranar makoki ana kuskure: ba a tsayar da ita a tsakiyar sanda kai tsaye, sai an kai ta ƙololuwa tukuna, sannan a sassauto da ita.