An rubuta "Dakta" a allo, amma ko bakin kyanwar bai buɗe ba

Naira dubu goma sha ɗaya na ƙirga na miƙa wa yaron nan a wani shagon magungunan dabbobi a nan cikin Jos, kuma wallahi har muka fito bai buɗe bakin kyanwar ba. Bakin da na kawo ta dominsa! Tun daga ƙofa na faɗa masa warin baki take yi, irin warin da in ta yi hamma a ɗaki sai ka rantse ɓera ne ya mutu a bayan kwaba. Ya leƙa cikin kwalin daga nesa kamar wanda aka nuna wa kububuwa, ya ce, "Tsutsar ciki ce, Alhaji." Ya zuƙo wani farin ruwa a sirinji, ya sa ni na danne ta, ya tsira mata. Ya haɗo ni da garin bitamin na kaji. Da zan tafi ya ƙara da cewa in na ga tana jin ciwo, in ɓantari kwatan Panadol in murƙushe mata a abinci. A allon shagon kuwa ga "Dakta" nan ɓaro-ɓaro da jan fenti.

Kyanwar ta Inna ce. Shekara tara ke nan da yara suka tsinto ta a bakin kwata a Rikkos, ranar wata Alhamis cikin hunturu, Inna ta raɗa mata Lami. Tun da Baba ya rasu, ita ce abokiyar hirarta. A ƙafafunta take kwana, kuma wanda ya san sanyin Jos na watan Disamba ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. To wata biyu da suka wuce sai Lami ta canza. Ta zo gaban kwano da yunwa, ta ɗauki loma, ta karkatar da kai tana tauna da gefe ɗaya, abincin ya faɗo, ta ja da baya tana kallonsa. Miyau na dalala a haɓarta. Ta daina lasar jikinta, gashin ya cukurkuɗe. Inna ta kira ni ta ce, "Kai, dabbar nan ba ta da bakin faɗa, amma ciwo take ji. Ka nema mata magani, kada Allah Ya tambaye mu."

A daren da muka dawo daga shagon na yi yadda aka ce. Na buɗe gwangwanin sadin, na murƙushe kwatan ƙwayar da bayan cokali, na cakuɗa, na ajiye mata. Ta zo ta sunsuna, ta kai baki, zafin haƙori ya hana ta, ta juya ta shige ƙarƙashin gado. Har tsaki na yi mata don haushin sadin ɗina.

Bayan kwana biyu ba ta ci komai ba, wani maƙwabcinmu mai kiwon kaji ya kwatanta min asibitin dabbobi na gaskiya. Mai keken farko da ya ji kuka daga cikin kwali ya ce shi ba ya ɗaukar mage, na biyu ya ɗauke mu amma ya yi ta dariya har muka isa, wai mutane ba su samu na asibiti ba ni ina kai kyanwa. Likitar da muka samu matashiya ce. Ta naɗe Lami a tawul, ta ɗaga leɓenta da babban yatsa, ta haska da ƙaramar tocila ta ce, "Baba, matso ka gani." Haƙoran baya duk sun lulluɓe da wani datti ruwan ƙasa mai tauri kamar siminti. Dasashin ya yi ja wur, ya kumbura, da ta taɓa shi da auduga sai jini. Haƙori ɗaya yana girgiɗi, ga ruwan mugunya a gindinsa. Duka-duka bai ɗauke ta minti ɗaya ba.

Da na ba ta labarin Panadol sai ta ajiye tocilar ta dube ni. Ta ce, "Ta ci?" Na ce ba ta ci ba. Ta ce to in gode wa Allah. Ashe farasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol, guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, sai ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma launin ƙasa-ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar kyanwa, ɓari ma ba a wasa da shi. Wato ciwon haƙorin da ya hana ta ci shi ya tsare ranta daga hannuna. Ni da kaina na dama, da cokalin gidanmu, bisa shawarar wanda na biya kuɗi. Da safe da me zan shiga ɗakin Inna?

Ta tambaye ni wace allura ya yi mata. Ban sani ba. Babu rasit, babu kati, kwalbar ma juya ta ya yi ban ga sunan ba.

Ruwa ba ya tsami banza, warin bakin kyanwa ma haka. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, kuma yawancin warin daga nan yake tasowa: saurar abinci da ƙwayoyin cuta su taru a jikin haƙori, su daskare, su ci dasashi, su gangara har saiwa. Amma likitar ta ce hanci ma kayan aiki ne. In warin ya yi kama da na fitsari, a tsohuwar kyanwa mai yawan shan ruwa da ramewa, ƙoda ake zargi. In ya yi wani zaƙi-zaƙi kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ana duba ciwon suga. Wani lokaci ƙayar kifi ce ta maƙale a ganɗa tana ruɓewa. Kowanne da maganinsa, kuma ba a gane ko ɗaya daga bakin kwali. Shi ya sa ta ɗebi jinin Lami tukuna, don wankin haƙori na sosai sai an yi allurar barci, ita kuwa allurar barci ba a yi wa dabba mai shekara tara sai an san halin ƙodarta. Ta kuma ja kunnena kan barin ta kwana biyu ba ci, domin kyanwa in ta jera kwanaki da yunwa kitse kan taru a hantarta, ciwo ya haifi wani ciwon.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ni ma da nawa laifin. Shekara tara Lami tana cin ragowar tuwo da miya da kan kifi, miyar da ke cike da albasa da tafarnuwa, alhali su biyun suna lalata jinin kyanwa. Muna zuba mata madara don gata, muna mamakin gudawa. Ba mu taɓa yi mata riga-kafin ciwon haukan kare ba, ga jikoki suna birgima da ita a tabarma. Maganin tsutsa da ya kamata a riƙa ba ta kamar duk wata uku, sai in an tuna. Na ma taɓa raya wa raina in goge mata baki da makilin ɗinmu, ashe shi ma ba ya yi, tunda ba ta iya tofarwa, akwai nasu daban. Duk na yarda. Amma ni malamin makaranta ne, ban kafa allo na ce ni likita ba ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa wannan ya ci ladan, ya miƙo min aska ya ce in yanka.

Abin da ya fi ƙona min rai, a Jos fa muke. Ga Vom nan kusa da mu, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, garin da ake haɗa alluran riga-kafin dabbobi ana kaiwa ko'ina a Najeriya. Likitan dabbobi na gaske shekara shida yake yi a jami'a, sannan a yi masa rajista kafin ya taɓa dabbar wani. Amma duk wanda ya yi wata shida yana auna wa masu kaji magani a shagon ubangidansa sai ya sayo farar riga da fenti. Doka tana nan a takarda, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Mu kuma mun sauƙaƙa musu, don in akuya ce ko sa za mu tsaya mu yi tambaya tunda kuɗi ne, in mage ce sai a ce "mage ce fa, in ta mutu a tsinto wata." A garin da yaro ƙarami ma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

An cire wa Lami haƙora biyu, an kankare sauran. Ƙodar da sauƙi, alhamdu lillahi. Abin da na kashe ya ninka na shagon sau huɗu, sai da na ci bashi a wurin abokin aiki. Kwana na huɗu ta cinye dafaffen naman kaza da aka yayyaga mata, ta hau gadon Inna ta shiga lasar ƙafarta.

Ranar Asabar na koma shagon da haƙoran biyu a ƙullin leda, na zube masa a kan kanta. Na ce, "Ga tsutsar cikin." Ya duba, ya ce ai shi bai ce in ba ta da yawa ba, kwata ya ce, kuma ba a mayar da kuɗin allura. Na ce ya nuna min takardar rajistarsa, ya ce tana wurin oga, oga kuma ya yi tafiya. Ina tsaye ina huci wata baiwar Allah ta shigo da ɗiyarta, yarinyar rungume da 'yar kyanwa duk ƙuma. Ya juya ya miƙa hannu kan shiryayye ya sauko da maganin kaskar karnuka, irin wanda likitar ta ce wasunsu na sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Na riƙe kwalbar na ce, "Hajiya, don Allah dakata, fito waje in faɗa miki wata magana."