Garin fulawa a rigar malami ba abin kunya ba ne

Tun jiya raina a ɓace yake kan hoton nan da ake ta yawo da shi, na malamin makarantar Littafi Mai Tsarki yana ɗaure kwandon burodi a bayan babur. Wai ya zubar da girman rigarsa. Wane girma? Bawan Allah ya tashi tun asuba ya kwaɓa fulawa, ƙarfe takwas yana gaban ɗalibai, ku kuna kwance kuna danna waya kuna yi masa dariya. Haba jama'a!

Ku je ku nemi labarin Cyrus Hamlin, faston ɗarikar Kongirigeshon da aka haifa a jihar Maine ta Amurka a 1811. Ƙirar azurfa ya fara koya kafin ya karanci tauhidi a garin Bangor na jihar. A 1840 ya buɗe makarantar horar da masu wa'azi a Bebek, bakin ruwan Istanbul. Ɗalibansa Armeniyawa ne, talakawa, wasu ko suturar kirki babu. Sai ya kafa musu maƙera a cikin makarantar, suna ƙera murhun ƙarfe da bututun hayaƙi suna sayarwa. Wasu abokan aikinsa 'yan mishan suka yi ta ƙorafi, wai yana mai da yara 'yan kasuwa. Irin maganarku ta yau ke nan sak.

Bai saurare su ba, ya ƙara da injin niƙa da gidan burodi. Lokacin yaƙin Kirimiya, burodinsa ake kai wa sojojin Ingila da ke jinya a asibitin Scutari a Istanbul, inda fitacciyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale take aiki, ribar kuma ya gina majami'u da ita. Shi ne dai ya kafa Kwalejin Robert ta Istanbul a 1863, ya koma Bangor a 1877 yana koyar da tauhidi. To, a ina burodi ya rage masa ilimi?

Kada wani ya ce mini sana'a na cinye lokacin karatu. Yunwa ce ke cinye shi. Kakanninmu sun ga malam a zaure da allura a hannu, yana ɗinkin hula yana biya wa almajiri karatu. Wallahi na fi ganin girman malamin da ke cin guminsa, don babu mai kuɗin da zai rufe masa baki.

Burodin malamin da ke cikin hoton ma na saya da safen nan, yana da nauyi a hannu. Ba irin na tasha ba, da kana matsa shi ya koma kamar auduga, ga kuɗin kullum ƙaruwa suke yi.