Ta sayar min da kyanwa mai lalurar zuciya, ta toshe lambata

Wata uku ke nan rabona da barcin kirki. Ƙarfe biyun dare nake tashi da fitilar waya, in tsuguna gaban kyanwata Lulu ina ƙirga numfashinta na daƙiƙa 15, in ninka sau huɗu. Likitan dabbobi ya ce idan tana barci kada ya wuce 30 a minti ɗaya. Ga ta irin na Farisa, hanci a ɓaje, dama da minshari take kwana, to ta yaya zan bambance minshari da sarƙewar numfashi?

A Instagram na saye ta tana da mako goma, da kuɗin da ya haura albashina na wata. Matar da ta sayar min ta rantse min lafiyar Lulu ƙalau, har da katin riga-kafi. Ranar allura ta biyu likita ya ɗora abin awonsa a ƙirjinta, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce akwai wani huci tsakanin bugu da bugu, mataki na 3 cikin 6. Ya ce a ƙananan kyanwoyi wani kan ɓace da kansa wajen wata huɗu zuwa shida, mu jira. Na jira. Bai ɓace ba.

Yanzu ko dai huda ce a tsakanin ɗakunan zuciyar, ko wani lahanin da aka haife ta da shi, ko kaurin naman zuciya da ke bin jinin irin waɗannan kyanwoyi. Hoton zuciya na eko kaɗai zai raba gardama. Asibitin dabbobi uku na zagaya. Biyu ba su da na'urar. Na ukun ya karɓi kuɗin kati, na yi zaman awa biyu da ita a kwando cikin zafin nan na Kano tana haki, sannan aka ce mai duba hoton ba ya nan, in ba ta bitamin. Bitamin! Ko aikin hana ta haihuwa an ɗage, don ana tsoron allurar barci.

Na tura wa matar takardar likita, na tambaye ta abu ɗaya: an taɓa duba zuciyar uwar da uban? Ta ce, "Hajiya, ai a hannunki ta kamu." Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Lalurar zuciya mura ce da za a ɗauka a ɗakina? Kafin la'asar ta toshe ni. Jiya ƙanwata ta nuna min shafinta: ga wasu 'ya'yan huɗu daga uwa ɗaya da Lulu, an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, ana ta tambayar farashi.

Masu ce min "kyanwa ce fa" su ma sun ishe ni. Kun manta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare? Rai ne a hannuna. Kowace safiya sai na taɓa ƙafafunta na baya in ji ko da ɗumi, don likita ya ce gudan jini na iya toshe su farat ɗaya. Ban nemi a mayar min da ko sisi ba. A daina haɗa wannan uwar da muzuru har sai an duba ta.