Tabar Kuba da yatsa na shida

A fadarmu ta Ɗan Gulbi, ana tsakiyar shayi na biyu, wani abokina ya riƙa nuna mana hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke zanawa. Duk manyan mutane ne a kujerun fata, kowa da tabar Kuba a hannu, irin mai kaurin nan da ake naɗe ganyenta da hannu. Wai yanzu yayin da ake yi ke nan a intanet. Har lacca ya yi mana: ganye mafi tsada daga lardin Pinar del Río na Kuba yake fitowa, samfurin Cohiba kuma don jagoran Kuba Fidel Castro aka fara yin ta a 1966, kuma hayaƙin ba a haɗiye shi, a baki ake juya shi a fesar. Shi da ko sigarin dala biyar bai taɓa saya da kuɗinsa ba.

Ni ko warin taba ba na so, amma hoton ya burge ni. Na ɗora hotona na Sallah, na rubuta wa manhajar ta kai ni Habana, babban birnin Kuba, ta jingina ni da tsohuwar motar Amurka, ta ba ni taba. Kafin shayi na uku ga ni nan. Babbar rigata tana nan, sai dai hular ta koma malafa fara, tabar kuwa kamar guntun rake. Na sa a status ɗin WhatsApp na kwanta.

Da asuba Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da Kawu zaune kan tabarma da casbi, wayar ƙanwata a gabansa.

"Yaushe ka fara?" in ji Kawu.

Na ce Kawu, inji ne ya zana. Ya ce injin ne ya saya maka rigar da muka je idi tare? Na kawo batun Castro, cewa shi ma ya bar sha tun 1985. Kawu ya ce to ashe har abokan shan ka sani.

Inna ba ta ce uffan ba, tana ta matso da hoton kusa da ido. Can ta kama hannuna na dama ta buɗe, ta ƙirga, ta koma kan wayar ta sake ƙirgawa. Shida. Manhajar ta ƙara mini yatsa tsakanin babban da manuni, shi ne ma ke riƙe da tabar.

"Yaya, wannan ba ɗana ba ne. Biyar na haifa masa."

Kawu ya sa tabarau ya duba, ya yi tsaki, ya ce a dai bar wasa da hayaƙi ko na ƙarya ne.

Da na fita, mai shagon bakin layi ya tare ni. Shi bai ƙirga yatsu ba, motar ya gani. Ya ce mai irin wannan mota jika uku ba za ta gagare shi ba, yau sai na biya bashin da yake bi na. A fada kuwa tun daga nesa suke kirana Cindo.